Shagon tsaraba a Misfala da neman gurbi a Google

Shagon ƙarami ne, ƙofa ɗaya, a wani lungu na unguwar Misfala da ke kudu da Harami, inda masaukan alhazan Afirka ta Yamma suke da yawa. Mai shi dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, jikan waɗanda suka taho Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin, ba su koma ba. Ɗan ƙasa ne, rajistar kasuwancin da sunansa take. Kayan shagon kayan tsaraba ne da kowa ya sani: dabino kala-kala, bagaruwa, carbi, darduma, jallabiya, kwalli, turaren wuta, habbatus sauda da man zaitun. A nan zan kira shi Baba kamar yadda 'ya'yansa ke kiransa, 'yarsa kuma da ta ɗauki wannan aiki, Auta.

Shekara da shekaru cinikin shagon a baki yake tafiya. Alhajin da ya saya bana, in ya koma Gusau ko Maraɗi, sai ya kwatanta wa maƙwabcinsa mai niyyar baɗi: in ka fito daga masauki ka bi hannun dama, ka wuce mai shayi, ka tambayi shagon Baba. Irin wannan kwatance yana aiki ne muddin masaukin bai canza ba, mai shayin kuma yana nan. Yanzu hukumomin alhazai na jihohi kan sauya otal daga shekara zuwa shekara, gine-ginen kewayen Harami kuma ana rushe wasu ana tayar da wasu, har wanda ya zo shekarun baya in ya dawo sai ya ɓata. Mutane ba su ragu ba. A Hajjin 2023 sama da mutum miliyan 1.8 suka tsaya Arfa, Najeriya kaɗai an ba ta kujera 95,000, ga na Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ga masu Umara da ba sa yankewa. Masu isowa wannan lungu ne suka ragu. Waɗanda suka iso ɗin ma, da yawansu da waya a hannu suke shigowa, 'ya'yansu daga gida sun riga sun turo musu hoton dabinon da za su saya da farashin wani shago.

Shagon yana da shafin intanet. Wani yaro ne ya gina shi a kan WordPress, manhajar gina shafuka, shekarun baya, ya karɓi kuɗinsa, ya yi gaba. Tun daga ranar babu wanda ya taɓa kiran waya ya ce a can ya gan su. Bayan alhazai sun watse, kasuwa ta yi sanyi a Muharram, Auta ta ce za ta koyi abin da masu harkar ke kira SEO, wato gyara shafi yadda injin bincike zai gane shi, ya nuna wa mai nema. Ta gama jami'a a fannin da bai shafi kwamfuta ba. Larabci ne harshen karatunta, Turanci na aji, Hausa kuwa ta gida ce: tana ji, tana faɗa da yayyenta da ita, amma ba ta taɓa rubuta sakin layi guda da boko ba. Haka yawancin sa'o'inta a Makka da Jidda suke. Ni aikina gina shafuka ne a Jidda, zumunci na nesa ya haɗa mu. Na bi aikin nata, ina amsa tambaya in ta yi, amma hannuna bai taɓa shafin ba.

Shafin ba ya cikin Google sam

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Ta rubuta site: a akwatin bincike, ta manna adireshin shafin a gabansa. Google ya ce babu komai. Ba a can ƙasa shafin yake ba, babu shi ne gaba ɗaya.

Sai mutum ya san yadda injin yake aiki kafin ya gane wannan. Lokacin da ka rubuta tambaya, Google ba ya fita yawo a intanet yana nema maka, kundinsa yake dubawa. Akwai manhajarsa, Googlebot, da ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi dare da rana tana karantawa. Abin da ta karanta aka ga ya cancanta, sai a ajiye a kundi. Daga cikin kundin ne ake jera amsa, a sa wannan a sama, wancan a ƙasa. Mataki uku ke nan, ziyara, ajiya, jerawa, kuma mai koyo kullum kan na ukun yake fara tsalle, alhali matsalarsa tana iya zama a na biyu.

Tata a na biyun take. A cikin saitin WordPress akwai ɗan akwati da ake yi wa alama lokacin da ake kan gini, don a roƙi injunan bincike kada su ɗauki shafin tukuna. Yaron da ya gina bai cire alamar ba. Ta cire, ta buɗe Search Console, kayan aikin Google na masu shafuka, wanda kyauta ne, ta tabbatar musu shafin nasu ne, ta miƙa taswirar shafin, wato jerin adiresoshin duk sassansa. Bayan 'yan kwanaki sunan shagon ya fara fitowa in an rubuta shi daidai. Baba ya sa tabarau ya duba a wayarta, ya ce to, ai wanda ya san sunan shagon dama ya san hanya. Maganarsa gaskiya ce.

Fagen da ba nata ba

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsada, kuma su ne mafi ƙarancin amfani. Ta duƙufa kan bidiyoyin YouTube na Larabci da Turanci, kowa da nasa sirrin. Ta sa wata manhajar taimako da ke kunna koren fitila in rubutu ya cika sharuɗɗanta, ta shiga farautar koren nan kamar shi ne ciniki. Ta zaɓi kalmar da kayan bincike suka nuna mata an fi nema, dabinon ajwa da Larabci, ta cusa ta a take, a sakin layi na farko, a ƙarƙashin hoto, har rubutun ya daina karantuwa. Ta ɓata mako tana cika wani ɓoyayyen gurbi na jerin kalmomi, wanda Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya kallonsa wajen jera shafuka.

Ko da ta yi komai daidai, fagen ba nata ba ne. Duk wanda ya nemi ajwa da Larabci a Saudiyya, shafi na farko cike yake da manyan kamfanonin dabino masu gonakinsu a Madina da Ƙasim, da manyan kasuwannin intanet, da shagunan da ke kan Salla da Zid, dandalan buɗe shagon intanet na Saudiyya, waɗanda ke kai kaya har ƙofa washegari. Sun yi shekaru a wurin, jaridu sun ambace su, suna da ma'aikata na wannan aiki kaɗai. Kuma mai neman da Larabci a Riyad ba zai taɓa zuwa lungun Misfala ba. Mai saye a shagon Baba Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Bafulatani mai jin Hausa.

A wannan tsakanin ne wani ya tuntuɓe su ta WhatsApp, ya ce shi ƙwararre ne, zai kai su lamba ɗaya cikin wata guda. Yayan Auta, wanda ke zaman shago, ya matsa a gwada, Baba ya biya. Abin da mutumin ya yi shi ne watsa adireshin shagon a ɗaruruwan shafukan banza, wasu da harsunan da babu mai jinsu a gidan, wasu na caca. Tushen wannan sana'a tsoho ne. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu ita ce ɗaukar mahaɗi daga wani shafi a matsayin shaida cewa shafin da aka nuna yana da daraja. Da mutane suka gane, sai aka fara sayar da shaidar, kamar a ɗauko 'yan haya a tsaye bakin kotu su rantse sun san ka. A 2012 Google ya fito da gyaran da ya kira Penguin don daƙile wannan, daga 2016 kuma ya koma yawanci watsi da irin waɗannan mahaɗai, ba ya lissafa su. Don haka shafin bai faɗi ba, bai kuma tashi ba. Riyalolin ne suka tafi. A takardun da Google ya rubuta wa masu shafuka ya faɗa ƙarara cewa babu mai iya ba da tabbacin lamba ɗaya. Ina ganin duk mai koyo ya kamata wannan jimla ta zama ta farko da zai karanta, kafin bidiyon kowa.

Abin da Search Console ya nuna

Juyin ya zo ne daga wani sashe na shafin da ba wanda ya kula da shi. Tun lokacin gini, yayan nata ya rubuta ɗan gajeren bayani da Hausa, layi huɗu ko biyar, cewa shagon na Bahaushe ne, ana jin Hausa, akwai dabino da kayan tsaraba. A Search Console akwai rahoton da ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har aka nuna musu shafinka, ko da ba su latsa ba, da matsayin da ka fito, da ƙasar da suke. Da ta tace ta bar Najeriya da Nijar kawai, sai ga tambayoyi da Hausa: farashin dabino a Makka, nawa ne ajwa, shagon Bahaushe a Makka, yadda ake gane ajwa na asali. Ba su da yawa. Amma a kan waɗannan, layuka biyar ɗin nan da aka rubuta da wasa sun fi duk aikinta na Larabci hawa sama, saboda kusan babu wanda ya rubuta amsa.

Ta koma kayan auna kalmomi ta zuba waɗannan tambayoyi, suka nuna mata sifili. Nan ne mai koyo yake karaya, domin darussan duk sun ce a bi lamba. Sifilin waɗannan kaya ba ya nufin babu mai nema, yana nufin masu neman ba su kai adadin da kayan ke iya gani ba, kuma ba a gina su da Hausa a rai ba. Google da kansa ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema kowace rana bai taɓa ganinsa ba. Ga shago mai ƙofa ɗaya, mutum ƙalilan da suke da tikitin jirgi a hannu da jerin tsaraba a aljihu sun fi dubu masu wucewa.

Sai ta ajiye kayan aunawa, ta ɗauki littafi da biro, ta zauna bayan kanta tana rubuta abin da masu saye ke tambaya da bakinsu. Wata la'asar wata Hajiya daga Katsina ta shigo da leda, ta ce a hanya aka sayar mata, an ce ajwa ne, da araha. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗora a tafin hannu, ya ciro wata daga kwalinsa ya ajiye kusa da ita.

"Hajiya, duba nan. Wannan naki dogo ne. Safawi ne, dabino ne mai kyau, shi ma na Madina, amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Ajwa gajere ne, ya fi kusa da kewaye, baƙi wuluk, in kin lura za ki ga wasu siraran layuka farare a jikinsa."

"To Alhaji, wanne zai kai ni gida bai lalace ba? Jirginmu sai nan da mako biyu."

"Duka biyun za su kai. Wanda zan hana ki shi ne ɗanyen sukkari, mai laushin nan na Ƙasim. Firji yake so. In ya kwana biyu a jaka cikin zafin nan, tsami zai yi. In sukkari kike so, ɗauki busasshe."

Wannan hira ta minti uku ta zama sassa biyu a shafin, kuma su ne har yanzu suka fi kawo mutane masu saye. Baba ya yi irin wannan bayani sau ba adadi a rayuwarsa, bai taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Rubuta shi ne ya zama aiki. Ta fara rubutawa da Larabci ta zuba a Google Translate, wanda yake da Hausa tun 2013. Ta karanta wa Baba abin da ya fito, ya saurara har ƙarshe, ya ce kalmomin dai na Hausa ne amma bai san mai maganar ba. Daga nan ta canza hanya. Takan ɗauki muryarsa yana bayani, ta rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ta tura wa 'yar ƙanwar mahaifiyarta da ke karantarwa a Kano ta gyara mata ƙa'idar rubutu. Ta can ta kan cire kalmomin Larabci da suka shige wa Hausar Makka waɗanda na gida ba sa amfani da su, ta mayar da wanda Bakano zai rubuta a waya. Batun haruffa masu lanƙwasa ma ya taso, domin mafi yawan masu nema ba sa sa su, kudi suke rubutawa ba kuɗi ba. Suka tsaya a kan rubuta jikin bayani daidai da ƙa'ida, adireshin sashe kuma da haruffa marasa lanƙwasa, taken kuma a gina shi da kalmomin da mutane ke bugawa. An yi sa'a dabino da farashi da tsaraba da Makka duk ba su da lanƙwasa.

Tsarin da ta bi mai sauƙi ne. Tambaya ɗaya, sashe ɗaya. Taken da ke fitowa da shuɗi a sakamakon bincike ya faɗi tambayar yadda ake yin ta, amsar ta zo a layukan farko ba tare da doguwar shimfiɗa ba, hoto ya zama na kayan shagon ne a tafin hannun Baba, ba na kwasowa daga intanet ba. Ta raba harsuna, Hausa a ɓangarenta, Larabci a nasa, domin Google daga rubutun da ido ke gani yake gane harshen shafi, kuma shafin da ya cakuɗa biyu yana rikita shi. Ta sa alamar da ke gaya masa cewa wannan sashe mai lambar ha, wato Hausa, da wancan mai lambar ar, wato Larabci, abu ɗaya ne a harshe biyu. Hotunan da yaron nan ya ɗora manya ne kai tsaye daga kyamara, shafin na ɗaukar lokaci kafin ya buɗe ko a kan intanet mai ƙarfi, balle a wayar da ke lallaɓa data a Funtuwa. Google sigar waya yake dubawa ya yi hukunci, kuma ma'auninsa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ta rage nauyin hotunan a yini guda. Wannan ɓangare na fasaha, wanda mutane suka fi tsoro, shi ne ya fi saurin ƙarewa.

Akwai abin da ta ƙi rubutawa. Littafinta cike yake da tambayoyi kan habbatus sauda da man zaitun, wane ne maganin ciwo kaza, wane ne na haihuwa. Yayanta ya ce nan kasuwa take. Ta rubuta hadisin cin ajwa bakwai da safe kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, domin shi ne dalilin da ya sa ake neman ajwa, ta tsaya nan. Ba ta ce wani kaya yana warkar da wata cuta ba. Google yana tsananta bincike kan shafukan da suka shafi lafiya da kuɗin mutane, ƙaramin shago ba zai ci wannan jarrabawa ba. Ko da zai ci, mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa saboda shafin shagon tsaraba, alhakinsa ba ƙarami ba ne.

Rigimar farashi

Abin da ya fi ɗaukar lokaci a gidan ba fasaha ba ne.

"Baba, duk wanda ya rubuto, farashi yake tambaya. In ba mu sa ba, wani shafin zai tafi."

"Auta, farashi a baki yake. In na rubuta, maƙwabcina ya rage riyal biyu ya kwashe min mutane."

"Ai a shago ma an liƙa a kan kaya, Baba. Hukuma ta sa."

"Na shago wanda ya shigo ne yake gani. Kuma in ya taya, ina iya cewa albarka, ina iya sallamawa."

Kowannensu yana da hujja. Dabino farashinsa yana motsi da kaka da girman ƙwaya, ajwa ɗaya ma hawa-hawa ne, kuma alhajin da ya karanta wata lamba a Rajab ya zo a Zulhajji ya tarar da wata zai ce an cuce shi. Suka daidaita a kan rubuta daga kaza zuwa kaza na kilo, a bayyana cewa harajin kashi 15 da ake karɓa a Saudiyya tun Yulin 2020 yana ciki, a sa ranar da aka sabunta a sama inda kowa zai gani. Wannan sashe ya zama na biyu wajen jawo mutane. Ya kuma zama kaya a wuyanta, domin duk ranar da ta manta sabuntawa, shi ne sashen da zai fara yi musu ƙarya.

Taswira

In da za a tambaye ni abu ɗaya da ya kamata a fara da shi a wannan shago, ba shafin ba ne, Google Maps ne, kuma shi ta yi a ƙarshe. Alhajin da ya sauko daga Mina, ya rage masa kwanaki ya tashi, ba ya karanta dogon bayani. Taswira yake buɗewa ya nemi shagon dabino kusa da shi. Shagon yana kan taswirar tun tuni, wani mai wucewa ne ya sa shi, da suna a karkace da alama a bayan wani otal, layi biyu daga inda yake. Ta karɓi ragamarsa ta Google Business Profile, inda mai shago ke kula da bayanin shagonsa a taswira, suka nemi ta tabbatar ta hanyar bidiyo, ta ɗauki allon shagon da titi da cikin kanta. Ta ja alamar zuwa bakin ƙofa, ta sa gajeren adireshin ƙasa mai harafi huɗu da lamba huɗu, ta ɗora hoton lungun daga bakin titi yadda mai tafiya a ƙafa zai gan shi, ta rubuta a bayani cewa ana jin Hausa. Lokutan buɗewa ta kan canza su a Ramadan, lokacin da cinikin Makka ke komawa dare.

Google ya ce abu uku yake dubawa a binciken kusa: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Nisa ba ya gyaruwa. Shahara kuwa sharhin masu saye yana cikinta. Yayan ya kawo shawara a riƙa ba da carbi kyauta ga duk wanda ya ba da tauraro biyar, a kuma ƙara kalmomin dabino da ajwa da araha a cikin sunan shagon. Duka biyun sun saɓa ƙa'idar Google, suna iya sa a goge sharhin ko a dakatar da shagon daga taswira, a tsakiyar Hajji kuwa wannan ba ƙaramar asara ba ce. Suka liƙa lambar da ake haskawa da waya kusa da ma'auni, wanda ya ji daɗi a roƙe shi ya rubuta abin da ya gani. Da yawa da Hausa suka rubuta, wasu da addu'a suka cika. Bahaushen da ya buɗe taswira a garin da ba ya jin harshensa ya ga an rubuta "dattijon kirki ne, ba ya ha'inci a awo", ba ya buƙatar ƙarin talla.

Abin da ya fito, da abin da bai fito ba

Google ya taɓa cewa a ba wannan aiki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, kuma haka ya kasance. Sassan Hausa da ta rubuta wajen Rajab sun fara motsi a Umarar Ramadan. Neman yana zuwa a zango biyu. Makonni kafin a fara jigila, daga Najeriya da Nijar yake fitowa, tambayoyin farashi da lissafin guzuri, yawanci 'ya'ya ne ke nema wa iyaye. Bayan Arfa kuma sai ya koma cikin Makka, a kan taswira. Tun da kalandar Hijira tana ja baya da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, kwatanta Yuni da Yuni ba ya gaya mata komai, da watan Musulunci take kwatantawa. Search Console kuma wata 16 kawai yake riƙe bayanai, don haka takan sauke su ta ajiye a ƙarshen kowane zango.

Yawan masu ziyara ya taɓa ruɗar su. Ta rubuta ɗan bayani kan yadda ake samun jarkar zamzam mai lita 5 a filin jirgi, ya fi kowane sashe samun baƙi, bai sayar da ko carbi ɗaya ba, domin shagon ba ya sayar da zamzam. Ƙa'idojin kuma suna canzawa, wanda ya dogara da tsohon bayani zai sha wahala a Jidda. Ta taƙaita shi, ta tura mutane ga hukumar alhazansu da kamfanin jirginsu. Ma'aunin da ta koma kai guda biyu ne: maɓallin WhatsApp a shafin wanda ke buɗewa da saƙon da ke nuna daga ina mutum ya fito, da tambayar da yayanta yake yi wa baƙon fuska, "Alhaji, wa ya kwatanta maka nan?"

Amsoshin sun nuna taswira ce ke kawo ƙafa. Shafin kuwa ya kawo wasu mutane da ba a yi tsammani ba, ƙananan 'yan kasuwa, yawanci mata, da ke zuwa Umara su sari dabino kwali-kwali, waɗanda tun kafin su taso suke so a yi magana a ajiye musu. Wani kamfanin shirya Umara a Kano ya sa mahaɗin bayanin gane ajwa a cikin jagorar da yake ba matafiyansa, ba a roƙe shi ba, ba a biya shi ba. A Larabci shafin yana nan inda yake, can baya, kuma ta daina kula shi.

Iyakar abin a fili take. Yawancin dattawan da ke zuwa Hajji ba sa bincike a Google, abin da malamin bita ko abokin ɗaki ya faɗa shi suke bi. Matasa da yawa a TikTok suke nema, saƙon murya a WhatsApp kuma ya fi kowane rubutu gudu a tsakanin alhazai. Tun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, wanda ke sa wasu su samu amsa ba tare da sun latsa shafin kowa ba. Fagen Hausa da ta tarar babu kowa shi ma ba zai dawwama haka ba. Kafin Hajji ya zagayo, wani shafi ya kwashe bayanin ajwa da safawi kalma da kalma, har da "in kin lura" na Baba. Ta rubuta musu, ba su amsa ba. Akwai hanyar kai ƙarar haƙƙin mallaka ga Google, ta cike. Ta kuma ƙara wa nata abin da ba ya kwafuwa da sauƙi, gajeren bidiyon Baba yana jera ajwa da safawi da mabrum a kan tire yana bayani da muryarsa.

Aikin da ke gabanta yanzu na mutanen Nijar ne. Rahoton ƙasashe ya nuna da yawansu da Faransanci suke bugawa ko da Hausa suke magana, rubutun Hausarsu ma ya ɗan bambanta da na Najeriya. A gidan babu mai rubuta Faransanci, kuma bayan abin da ya faru da fassarar inji ta ce ba za ta ɗora abin da ba ta da mai duba mata shi ba. Ta yi magana da wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura, sun ajiye aikin sai bayan jarrabawarsa.